Tsadar hannun gem: adalci ne ko ƙwara?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da tambaya. Yana da shagon gem, da injinan PlayStation na Sony, PS4 huɗu da PS5 ɗaya, yana kuma sayar da hannun gem a gefe. Ya ce masu saye suna ganin shi ne ke tsawwala musu, alhali shi ma da tsada yake sarowa, ga shi bayan 'yan watanni analog, wato 'yar sandar da ake juya ɗan wasa da ita, ya fara ja gefe. Yana so ya san ko farashin nan na adalci ne, ko kuwa ya koma kan masu araha.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kukanka yana kan hanya, amma tsadar kashi biyu ce. Kashi na farko na naira ne. Hannun PS5, wato DualSense, ya fito a 2020 kan dala 70, Sony ta ƙara dala 5 a 2024. Ƙarin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya kwantar da kai shi ne canji: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ka ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar dila. Wannan ba laifinka ba ne, kuma ka riƙa faɗa wa masu saye haka, kanka tsaye.

Kashi na biyu ne nake ganin ƙwara a ciki. Kamfanonin da ke ƙera injin gem galibi ba a jikin injin suke cin riba ba. Shugaban sashen Xbox na Microsoft a lokacin, Phil Spencer, ya faɗa a 2022 cewa suna faɗuwar dala 100 zuwa 200 a kowane inji. A wasanni da kayan haɗi suke fanshewa, shi ya sa suke tsare ƙofar. Wasan PS5 ba ya karɓar hannun PS4. A Disambar 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci Sony tarar yuro miliyan 13.5 saboda takura wa masu ƙera hannun PS4 na waje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne analog ɗin. Ka sa makaniki ya buɗe maka hannu ɗaya ka leƙa: ƙarƙashin sandar akwai ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce kan babban yatsa ba, a gefensa wani siririn ƙarfe yana gogar zoben baƙin gawayi duk lokacin da aka juya. Gugar nan ce ke cinye shi, har ka ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai a fili ba wanda ya taɓa. Kuma maganin ba sabo ba ne, domin tun 1998 Sega ta sa analog mai aiki da maganaɗisu a hannun injinta na Dreamcast, wanda babu guga a cikinsa. Kayan dala 75 bai kamata ya mutu saboda wannan ɗan abu ba. Nintendo ma sai da aka matsa mata a Turai ta amince a 2023 za ta riƙa gyara Joy-Con, wato hannun injinta na Switch, kyauta. Kai kuwa a Kano babu wanda zai gyara maka kyauta.

Duk da haka ban ba ka shawarar kwasar masu araha ido rufe ba. A shagonka yara suna murza ƙwallo tun hantsi har dare, don haka awon da ya dace da kai shi ne kwana nawa hannu ya yi aiki kafin ya gaza. Ka liƙa wa kowane hannu lamba, ka rubuta ranar da ya fara aiki da ranar da ya fara ja, ka raba kuɗinsa da kwanakin. Cikin wata uku littafinka zai gaya maka wanda ya fi sauƙi. Daga kuɗin kowane wasa kuma ka ware wani abu na canjin hannu, kada ka haɗa shi da riba.

Hannun da ya lalace kada ka jefar. Mai gyaran waya da ya iya dalma zai cire analog ya dasa mai maganaɗisu, a kan kuɗin da bai kusa na sabo ba. In da hali ka tura yaron shagonka ya koya, ka buɗe teburin gyara a ƙofa.

A wajen sayarwa kuwa, ka jera na asali daban, na hannu daban, kwaikwayo daban, kowanne da sunansa da kuɗinsa a rubuce. Ka jona shi a inji gaban mai saye ya gwada kafin ya biya, ka kuma ba shi sati guda na dawowa da shi.