Ina son digirin dakta a jinyar gaɓoɓi da hannu, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gama digirin farko a fannin fisiyo (jinyar jiki ta motsa gaɓoɓi da atisaye), ina da lasisi, kuma na yi shekara uku ina duba masu ciwon baya da wuya. Burina in yi digirin dakta a jinyar gaɓoɓi da hannu a Amurka. Sai dai duk jami'ar da na duba sai in ga sunan digirin ya bambanta. Me suke nema, kuma ta ina zan fara?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Kafin ki biya ko sisi na neman gurbi, ki tantance wane digiri kike nema, domin a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. A Amurka, DPT, wato digirin dakta na aikin fisiyo, shi ne matakin shiga sana'ar tun daga tushe; daga 2016 duk makarantar da hukumar CAPTE mai tantance makarantun fisiyo ta amince da ita shi take bayarwa, kuma yakan ci kusan shekara uku. Ke kin wuce nan. Mai lasisi akwai masa gajeren tsarin cike giɓi, wato tDPT, amma ba zai mayar da ke gwanar hannu ba. PhD kuwa na masu bincike ne. Abin da ya dace da bayaninki shi ne DSc ko ScD, wato digirin dakta na kimiyya, irin wanda aka san jami'ar Andrews ta jihar Mishigan da Texas Tech da shi.

Takardun ba baƙi ba ne: shaidar digiri, cikakken sakamakon jarrabawa da jami'arki za ta aika kai tsaye, tarihin aiki, wasiƙun shaida, da sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS idan an buƙata. Wanda ya yi karatu a wajen Amurka sai an auna takardunsa, galibi ta hukumomin auna takardu irin WES ko FCCPT. Wannan awo ba ya sauri, don haka da shi za ki fara.

Inda nake so ki tsaya da kyau shi ne lasisi. Wannan karatu ne na taɓa jikin majiyyaci, kuma ba a taɓa majiyyaci a Amurka sai da lasisin jihar da ake ciki, wanda sai an ci jarrabawar fisiyo ta ƙasa, wato NPTE, ake samu. Lasisinki na gida zai iya isa a karɓe ki a aji, ya kasa isa ki yi aikin asibiti ƙarƙashin malami. Ga kuma maganar biza: yawancin irin waɗannan kwasa-kwasai an tsara su ne don ma'aikata, rabi ta intanet, rabi a zo 'yan kwanaki a yi aikin hannu. Ita kuwa bizar ɗalibai ta F-1 darasi ɗaya kacal na intanet take lissafawa a cikin nauyin zango. Ana iya ba ki gurbi, a ƙi ba ki takardar I-20, wadda jami'a ke bayarwa don neman wannan biza.

Game da bayanin kanki, don Allah kar ki rubuta cewa tun kina ƙarama kike son taimakon jama'a. Masu tantancewa sun gaji da karanta wannan. Ɗauki majiyyaci ɗaya, ba tare da sunansa ba. A ce mai sanƙarewar wuya: me kika tambaye shi game da jiri da gani biyu-biyu kafin ki ɗora masa hannu, wane mataki na motsa gaɓa a tsarin Maitland (tsarin da ya kasa motsa gaɓa da hannu mataki-mataki) kika zaɓa, me ya sa, kuma me kika sauya da ya dawo bai ji sauƙi ba. Wasiƙar shaida ma gara ta babban da ya taɓa tsayawa a kanki kina aiki, da ta farfesan da sai an tuna masa sunanki.

Wani abu kuma, a ganina ba kowa ke buƙatar dakta ba. In gwanintar hannu kaɗai kike so, digiri na biyu ko horon ƙwararru da ya cika sharuɗɗan IFOMPT, ƙungiyar duniya ta masu jinyar gaɓoɓi da hannu da aka kafa a Montiriyal a 1974, zai wadatar. Dakta ya fi amfani ga mai niyyar koyarwa a jami'a.

A makon nan ki aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel da tambaya uku: shin lasisin wata ƙasa ya wadatar, shin suna bayar da I-20, kuma a ina ɗalibin waje yake cika sa'o'in aikin asibiti. Ki nemi amsar a rubuce, ki adana ta.