Tambaya da Amsa: Jirgin ƙasa ko bas, wanne zai kai ni da wuri?

Tambaya: Ina zaune a Kawo, ina aiki a Kakuri. Ana ta maganar kawo jirgin ƙasa na cikin gari a Kaduna. In ya zo, zai rage min lokaci kuwa, ko in riƙe bas ɗina? (Mai karatu daga Kawo)

Amsa: Malam, kada ka auna gudun jirgi da gudun bas. Auna tafiyar daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar wurin aikinka. Akwai tattaki ko hawan Keke zuwa tasha, akwai jira, akwai zama cikin tarago, sannan akwai ragowar hanya bayan ka sauka. Jirgi yana cin nasara ne a zaman tarago kawai, don ba ruwansa da gosulon titin Ahmadu Bello ko na bakin gadar kogin Kaduna. Sauran ukun su ne ke cinye ribar.

Ɗauki jira. In jirgi yana tasowa duk bayan minti 30, kai kuma ka iso tasha ba tare da duba jadawali ba, a matsakaici minti 15 za ka tsaya. In duk bayan minti 10 ne, jiran ya koma minti 5. Tattakin mita 800 kuma kusan minti 10 ne, kuma da wuya mutum ya yarda ya wuce haka da ƙafa a zafin watan Maris. A ce jirgin ya yi minti 25 inda bas ke yin 50 daga ƙofa zuwa ƙofa. Ƙara wa jirgin tattaki 10, jira 15, da Keke 10 daga tasha zuwa Kakuri: awa guda cif, bas ya riga ka, ga kuɗin hawa biyu. Amma in jiran ya sauko zuwa minti 5, sun yi kunnen doki, kuma jirgi ya fi, don kullum ka san lokacin isarka. Wannan tabbacin ne ke sa ma'aikaci sauya hanya.

Shawararmu: sati guda kana rubuta lokacin fitarka da na isarka. Kula da ranar da ta fi muni, don ita ke ja maka faɗan maigida.

Tambaya: Ina sana'ar atamfa a Barnawa, ina kai kaya Abuja. 'Ya'yana sun matsa sai in koma jirgin Rigasa. (Hajiya daga Barnawa)

Amsa: Hajiya, yaran suna da hujja. Tun da aka buɗe layin Kaduna zuwa Abuja a Yulin 2016, mai tsawon kusan kilomita 186, mutane da yawa sun bar titi saboda masu garkuwa da mutane, ko da yake shi ma jirgin an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. Sai dai Barnawa tana kudu, kusan a bakin hanyar Abuja, Rigasa kuwa tana can gefen yamma, sai kin ratsa gari kin shiga cunkosonta da ƙunshin kaya. Ki ware wa wannan zango lokacinsa, ki yanki tikiti ta intanet tun kafin ranar, ki riƙe lambar NIN ɗinki.

Inda ake yawan kuskure shi ne wurin sauka. Daga Kaduna jirgi yana isa Kubwa kafin Idu. In Gwarinpa, Dutse ko Dei-Dei za ki, sauka a Kubwa. In filin jirgin sama ne ko tsakiyar birni, Idu ce ke haɗe da jirgin cikin garin Abuja.

Tambaya: To jirgin cikin garin Kaduna zai kashe gosulo da sana'ar masu Keke? (Direban Keke daga Tudun Wada)

Amsa: Ɗan'uwa, sana'arku ba za ta mutu ba, hanyarta ce za ta sauya. Dogon zango zai ragu, gajere daga unguwa zuwa tasha zai ƙaru, kamar yadda kake gani a ƙofar tashar Rigasa da zarar jirgi ya sauke fasinja. Gosulo kuwa yakan sassauta da farko, sai waɗanda suka ajiye motocinsu su ga titi ya buɗe su fito da su. Wani cunkoson kuma yakan koma bakin tasha in ba a ware muku wurin lodi ba, don haka ƙungiyarku ta nemi wannan wurin tun ana zanen tashoshin.