Zoben Cikin Ondilar: Girma Ɗaya, Hali Daban

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina gyaran ondilar na sola, wato na'urar da ke juya kuran na batir ya zama irin na gida, a Katako, nan Yamai. Wani baƙin zobe mai naɗin waya a wajen fitar kuran ya fashe. Da na buɗe sai na tarar da siririn ƙarfe a nannaɗe, yana marmashewa kamar ɓawon albasa. Na ciro zobe mai girmansa daga wata na'ura, na yi naɗi adadi guda, amma sai zafi yake yi, rediyon shago kuma ya cika da ƙara. Wani ya ce in gasa shi a gawayi. In gwada?

Amsa: Kada ka soma, ɗan'uwa. Wanda ya ba ka shawarar ya ji ƙishin-ƙishin gaskiya, don lallai gasa zoben ake yi, amma ba irin gashin da yake nufi ba.

Ƙarfen nan Yoshizawa da abokan aikinsa na kamfanin Hitachi Metals a Japan ne suka fito da shi a 1988, da sunan Finemet. Na Jamus ana ce masa Vitroperm. Mafi yawansa baƙin ƙarfe ne, sai silikon da boron, da niyobiyom kashi 3 da tagulla kashi 1 cikin 100. Ana zuba narkakkensa kan wata taya mai gudu, ya daskare nan take ya zama zare mai faɗi, kaurinsa wajen maikiron 20, bai kai gashin kai ba.

Bayan an naɗe shi zobe, sai a sa shi a tanderu da ba iskar shaƙa a ciki, a zafin digiri 550 na kimanin awa guda. A nan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ke fitowa a jikinsa, girmansu nanomita 10 zuwa 15 (nanomita dubu ne maikiron ɗaya). Tagulla ce ke sa su tsiro da yawa, niyobiyom kuma ya hana su girma. In zafi ya haura digiri 600 sosai, boron ya haɗe da ƙarfen, ƙwayoyin su kumbura, zoben ya daina sakin maganadisu da sauƙi. Gawayinka ba ma'auni gare shi, ga iska, ga robar da ke lulluɓe da zoben da za ta narke tun kafin a je ko'ina.

Matsalarka ta fi kama da wannan: lokacin gashin ana kunna maganadisu a kan zoben, kuma inda aka fuskantar da shi ne ke yanke halinsa. In an bi da shi ta faɗin zaren, zoben yakan ɗauki maganadisu a hankali, ya sake shi kusan duka da kuran ya ɗauke. Irin wannan ake so a matatar ƙara, wato aikin da zobenka ke yi na tare ƙarar da ke bin kuran. In kuwa an bi da shi ta tsawon zaren, zagaye da zoben, sai ya cika farat ɗaya kuma ya riƙe. Shi ma da aikinsa, amma a matata da zarar ya cika ya daina tare komai, ƙara ta wuce, shi kuma ya yi zafi. Ido ba ya raba su.

Ka fara da lambar da ke jikin robar. In ta goge, yi naɗi 10 a kan zoben da kake zato da kuma mai lafiya daga ondilar iri ɗaya, ka auna su da mitar LCR, wato mitar auna ƙarfin naɗi, a kilohaz 10 da 100. In sun yi nisa da juna, ajiye shi. Ko sun zo kusa, taɓa shi bayan minti 15 da lodi. Kada ka cire robar, kada ka matse waya. Matsi kaɗai na rage masa aiki.

Tambaya: Daga Tawa, zafin watan Afrilu na lalata shi?

Amsa: A'a. Sai wajen digiri 570 yake rabuwa da maganadisunsa. Robar da fentin wayar ne ke fara gazawa, don haka ka riƙa kakkaɓe ƙurar fanka.