Akwatin tambaya kafin a goge fayil a tkinter

Malam, tambayarka ita ce yadda za ka sa ɗan akwati ya fito a manhajar da kake rubutawa da Python da tkinter (kayan aikin Python na gina tagogi da maɓallai), ya nemi izini kafin a goge fayil, da kuma dalilin da ya sa manhajar take daskarewa wani lokaci.

Na farkon mai sauƙi ne. Kira messagebox.askyesno, zai dawo maka da True ko False, sai ka sa gogewar a ƙarƙashin if. In kana son maɓallin fasawa, akwai askyesnocancel, amma ka yi hattara: fasawa None take dawowa da shi, kuma "if not amsa" zai haɗa None da False wuri guda. Ka duba "amsa is None" tukuna.

Daskarewar kuwa, ina kyautata zaton ba daskarewa ba ce. Akwatin yana riƙe manhajar har sai an amsa shi, to in ka kira shi daga taga ta biyu ba ka ba shi parent ba (wato tagar da zai fito a kanta), yana iya ɓuya a bayanta, kai kuma kana ta danna-danna ba motsi. Sa parent=tagar da kake ciki. In kuma daga wani thread kake kiransa (wato layin aiki na daban da ke gudana a gefen babbar manhajar), daina. Jefa saƙon cikin queue (layin jiran saƙonni), babbar taga ta riƙa dubawa da after (umarnin da ke gudanar da aiki bayan ɗan lokaci), ita ta nuna akwatin.

Sannan don Allah kada ka rubuta "Ka tabbata?" kawai, ba mai karantawa. Faɗi sunan fayil ɗin, ka sa default="no" don kada bugun Enter bisa kuskure ya goge aikin mutum.