Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan babanta da jinya da kiɗa

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun jiya wayata ta karanto min tambayarki, kin ce babanki wata takwas kenan da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, ya daina fita ya daina hira, baccin ma sai a hankali, wani ya ba ku shawarar a gwada masa jinya da kiɗa, kina tambaya ko da gaske tana aiki ko ɓata lokaci ne. Na kwana da abin a raina saboda ni ma ciwon nan ne ya ci idona, shekara goma sha ɗaya kenan, lokacin ina da shekara 34, to bari in faɗa miki abin da na gani a kaina.

Farko dai kiɗa ba ya dawo da ido. Jijiyar da hawan jinin ido ya kashe ba ta farfaɗowa, duk wanda ya ce miki wani sauti zai buɗe masa ido kar ki saurare shi, kuma in likita ya ba shi maganin ɗigawa ya ci gaba da ɗiga abinsa. Inda kiɗan yake aiki zuciya ce da bacci da komawa cikin mutane, kuma wallahi waɗannan ɗin su ne suka fi makantar kanta cin rai a shekarar farko.

Ni da abin ya same ni mutanen gidanmu don tausayi sai suka riƙa kunna min rediyo daga safe har dare, a ganinsu tana ɗebe min kewa. Ba su san ƙara min damuwa take ba. Kin ga wanda ya rasa ido da kunne yake sanin ɗakin da yake ciki, takun mutum, motsin ƙofa, daga wane ɓangare murya ta fito, to idan rediyo tana ta ƙara duk wannan ya ɓace, sai dai kawai in ji hannu a kafaɗata in firgita ban san an shigo ba. Kuma ba ni na zaɓi tashar ba, ba ni zan kashe ba. Don Allah kar ku yi wa Baba haka.

Abin ya canza ne a cibiyar da ake koya mana tafiya da sanda. Akwai wata mata da ta karanci fannin jinya da kiɗa tana zuwa sau ɗaya a sati, ni da farko ƙin shiga na yi don ban ga haɗina da waƙa ba, ban taɓa riƙe wani abin kiɗa ba a rayuwata. Ranar da na shiga ba ta tambaye ni ya nake ji ba, ba ta yi min wa'azin haƙuri ba, ƙaramar ganga ta ɗora min a cinya ta ce in buga yadda na ga dama. Na buga a fusace, ba tsari ba komai. Sai na ji ta ɗauki tata tana bi na, in na yi sauri ta yi sauri, in na sassauta ta sassauta, in na tsaya ta tsaya tana jira na. 'Yar'uwa wata da watanni ni ake ja, a riƙe hannuna a ce taka nan, zauna nan, ga kofi nan, a ranar ne karo na farko wani ya bi ni a baya. Na yi kuka sosai a ɗakin nan, ta bar ni na yi abina har na gama. Daga baya ta yi min bayani cewa haka tsarin yake, ana fara wa mutum ne daga inda zuciyarsa take, mai baƙin ciki ba a buɗe masa da kiɗan murna, sai a tare shi da mai nauyi irin halin da yake ciki sannan a riƙa jan shi a hankali zuwa mai sauƙi.

Shi ya sa nake bambanta jin waƙa da jinya da kiɗa. Ta biyun sana'a ce da ake karanta ta, a Amurka ta kafu lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa da aka ga yadda sojojin da ke kwance a asibiti suke samun sauƙi idan makaɗa suka zo, har aka buɗe kwas ɗinta na farko a jami'a a jihar Mishigan a 1944, aka kafa ƙungiyar masu yin ta a 1950. Mai yin ta yana zama da mutum ya gano matsalarsa, ya sa abin da ake so a cim ma, ya riƙa dubawa ko ana ci gaba.

Ni nawa abubuwan biyu ne, tafiya da bacci. Tafiya da sanda tana da nata kari, sanda ta taɓa dama daidai lokacin da ƙafar hagu ta fita, ta taɓa hagu ƙafar dama ta fita, ni kuma tsoro ya sa duk na dagule, ina takawa ina dogarewa. Ta sa muka riƙa yi da bugun ganga a cikin zaure har jikina ya haddace, yanzu ko ba ganga ina jin bugun a kaina.

Baccin kuma akwai dalilinsa da ya kamata ki sani. Hasken da ke shiga ido shi ke saita agogon jikin mutum kullum, agogon nan a yawancin mutane ya ɗan zarce awa 24, to wanda ko hasken rana ba ya iya bambancewa sai nasa ya riƙa zamewa, ya koma bacci da rana ido biyu da dare. Ni abin da ya taimaka min sauti ɗaya mai sanyi nake sawa a lokaci ɗaya kowane dare kamar minti ashirin, da safe kuma wani daban mai ɗan motsi, amma shi kaɗai bai isa ba sai da na haɗa da ganin likita, don haka ku faɗa wa likitan Baba maganar baccin nan kar ku ɗauka rigima ce ta tsufa. Haka in kin ga ya daina cin abinci ko yana yawan cewa gara ya mutu, wannan ya wuce ganga, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Wani abu da ke ɓata min rai shi ne mutane su ce ai makafi Allah ya ba su kunne, duk sun iya waƙa. Gaskiya ne waɗanda suka makance tun suna ƙanana ɓangaren ƙwaƙwalwarsu na gani yakan koma yi wa ji da taɓawa aiki, kuma Luwi Birel na Faransa da ya ƙirƙiro rubutun makafi mai ɗigo shida shi kansa makaɗi ne, littafin da ya fitar a 1829 har da yadda ake rubuta kiɗa a ciki. Amma mu da muka rasa ido da girmanmu ba kunnen ne ya ƙara kaifi ba, koyon saurare muka yi da wahala. Kar a ɗora wa Baba cewa sai ya zama gwani, ba gasa aka sa shi ba. Kuma in shi mutum ne da ba ya son kayan kiɗa a girmama masa ra'ayinsa, murya kaɗai da tafi da rera abu tare da mutane suna yin aiki, ni abin da na fi amfana da shi daga baya ma rerawa ce cikin rukuni, mu kusan goma, domin a wajen ba wanda ya fi wani da ido, muryarka ce kawai ake jira.

Ku kula masa da kunne sosai tunda yanzu shi ya rage masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati yana jin sauti mai ƙarfin desibel 80, wato ma'aunin ƙarar sauti, in ƙarar ta haura haka lokacin raguwa yake sosai. Ni a gida sifika nake amfani da ita ƙasa-ƙasa, a hanya kuwa ba na toshe kunne ko ɗaya.

In ba ku sami ƙwararre kusa ba ku tambaya a asibitin idon ko ƙungiyar makafi, kafin nan ke ki fara. Ki shiga ki faɗi sunanki, ki zauna, ki tambaye shi wace waƙa yake ji lokacin samartakarsa, in ya faɗa ki nemo ku ji tare ko minti goma ne ki bar shi ya ba ki labarin da ya taso masa, in bai yi magana ba kar ki matsa. Ki samo masa rediyo mai maɓallan da hannu ke ganewa, ko ki kunna masa TalkBack, manhajar da ke karanto wa makaho abin da ke fuskar waya, a wayarsa ku koya tare, yadda shi zai kunna shi zai kashe. Ranar da ya ce ba ya so ku bar shi sai gobe, kuma in za ki fita ki ce masa kin fita kar ya yi ta magana shi kaɗai.

Ki gaishe min da Baba, Allah ya ba shi lafiya. In yana son magana da wanda ya bi ta hanyar ki yi min magana ta inbok in kira shi.