Ƙwayoyin kwantar da hankali na Facebook: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Wata uku ke nan gabana yana faɗuwa ba gaira ba dalili, barci kuwa sai dai ya sace ni gab da asuba. Na ga ana tallar wasu ƙwayoyi a Facebook masu suna kwasetin, wai daga tsirrai aka haɗa su kuma bincike ya tabbatar suna maganin damuwa. Kwalba ɗaya za ta ci kusan rabin albashina. In saya?
Wata malamar firamare, Birnin Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya ba ki lafiya. Ki ƙulle kuɗinki a bakin zane tukuna.

Mai tallar bai yi ƙarya tsagwaronta ba, ya dai ɓoye miki cewa galibin binciken a kan ɓeraye aka yi shi. Kwasetin ɗaya ne cikin dangin sinadaran tsirrai da ake kira filabonoyid. Akwai afijenin a furen kamomil, akwai kirisin a zuma, har jan da kike gani a zoɓo ma ɗan gidansu ne.

Ga yadda ake gwajin. Ana kafa wani dandamali mai siffar alamar tarawa, a ɗaga shi sama da ƙasa. Hannuwa biyu suna da bango, biyu kuma fayau suke. Sai a ajiye ɓera a tsakiya, a zuba masa ido minti 5. Kin san halin ɓera, lungu yake so, don haka yakan maƙale a inda ke da bango. In aka ba shi maganin fargaba irin dayazifam, sai ya riƙa fitowa sarari yana leƙe-leƙe. A shekarun 1990 masu bincike a Ajantina sun yi wa ɓeraye allurar kirisin da afijenin, suka ga su ma sun ƙara fitowa sarari, kuma sinadaran suna kama wuri ɗaya da dayazifam a ƙwaƙwalwa. Wannan gaskiya ne, kuma abin sha'awa ne.

Amma ki lura, allura aka yi musu a ciki, ba haɗiya suka yi ba. Idan mutum ya haɗiyi irin waɗannan sinadarai, hanji da hanta suna sauya yawancinsu kafin su zaga jini, abin da ke isa ƙwaƙwalwa kaɗan ne. Sannan ɓeran da ya leƙo waje bai ce wa kowa zuciyarsa ta yi sanyi ba. Mu ne muka fassara tafiyarsa. Ba shi da kuɗin haya a kansa, ba shi da aji mai yara tamanin.

Abin ban dariyar ma, jar albasa tana cikin abincin da suka fi yawan kwasetin, ke kuma ga Aliero nan kusa da ke, inda ake lodinta mota-mota zuwa Kudu. Ki yanka ta a kwaɗo da dafa-duka don amfanin jiki, ba da sunan magani ba.

Faɗuwar gaba ta wata uku kuwa ta wuce a yi mata sayayya a waya. Ki je asibiti a auna jininki, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo bugun zuciya irin wannan. In damuwa ce, akwai maganinta. Kada kuma ki karɓi dayazifam a kemis ba takardar likita, yana kama jiki.

Tambaya: Anti, shayin kamomil fa? Na gan shi a wani kanti, kuma bai yi tsada ba.
Wani ɗalibi, Argungu

Amsa: Shi kam an ɗan gwada a kan mutane. A 2009 an fitar da sakamakon wani gwaji a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka, mutum 57 na tsawon mako 8, waɗanda suka sha kamomil sun ɗan fi samun sauƙi. Sai dai ƙwayoyi masu ƙarfi suka sha, ba ganyen shayi ba. In kana jin daɗinsa da dare, ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa a jikin kwalin. Wanda yake shan maganin tsinka jini ya tambayi likitansa kafin ya fara.