Tambaya da Amsa: Yaya Agnès Varda ta haɗa hoto, fim da baje kolin fasaha?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne, ina sha'awar shiga harkar fim. Na ji an ce Agnès Varda ta Faransa da hoto ta fara kuma ba ta yi makarantar fim ba. Gaskiya ne? Ta yaya ta yi?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. An haife ta a 1928 a Brussels ta ƙasar Beljiyam, mahaifinta ɗan asalin Girka. Yaƙi ya kori iyalinsu a 1940 zuwa Sète, garin masunta a kudancin Faransa. Ta karanci tarihin fasaha a makarantar École du Louvre da ke Paris, ta koyi hoto, sannan ta yi shekaru tana ɗaukar hotunan wasan kwaikwayo a ƙarƙashin daraktan wasan kwaikwayo Jean Vilar.

Fim ɗinta na farko, La Pointe Courte, a 1954 ta ɗauke shi a wata unguwar masunta ta Sète. Kafin a kunna kyamara sai da ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hotuna, ta tsara kowace fitowa a takarda. Kuɗin kaɗan ne, don haka aka yi aikin a matsayin haɗin gwiwa, ba albashi. Mai shirya fim Alain Resnais ne ya tace fim ɗin. Inda aka samu cikas shi ne ba a bi ƙa'idojin hukumar fim ta Faransa ba, shi ya sa bai shiga sinima yadda aka saba ba. Akwai kuma ciwon da ke kama duk mai hoto: a wurare da dama 'yan wasan suna tsaye ƙyam kamar an jera su don hoton tarihi. Hoto daƙiƙa guda yake kamawa, fim kuwa dole ka san abin da ke zuwa kafin fitowa da bayanta.

Aikin da ya fi dacewa ka nazarta shi ne Salut les Cubains na 1963. Ta dawo daga Kuba da dubban hotuna, ta zaɓi kimanin 1,800, aka shimfiɗa su ƙarƙashin kyamara ana ɗauka ɗaya-ɗaya. Fim yana tafiyar da firam 24 (wato tsayayyun hotuna 24 a jere) a daƙiƙa, saboda haka hoton da aka ba firam 12 rabin daƙiƙa zai yi. Da wannan lissafi ta daidaita hotunan da bugun kiɗa, har mai kallo ya ga mawaƙi Benny Moré yana rawa alhali babu hoto mai motsi ko ɗaya. In za ka gwada, ɗauki hotunan a jere daga wuri guda. Da zarar tazara ko haske ya canza tsakanin hoto da hoto, sai motsin ya koma tsalle-tsalle.

A ganinmu babbar gwanintarta ita ce mai da takura ta zama tsari. A 1975 tana da ƙaramin yaro, ba ta son nisa da gida. Sai ta ja wayar lantarki mai kimanin mita 90 daga gidanta na titin Daguerre a Paris, ta ce inda wayar ta tsaya nan fim ya tsaya. Mahauci, mai burodi da mai turare na layin su ne taurarin.

Ta auri mai shirya fim Jacques Demy a 1962, ta ci kyautar Zakin Zinare a bikin fina-finai na Venice a 1985 da fim ɗinta Sans toit ni loi.

A 2000, tana da shekara 72, ta fito da Les Glaneurs et la glaneuse, kan masu kala a gona bayan girbi da masu tsintar ragowar kasuwa. Ƙaramar kyamarar dijital ta riƙe a hannu ɗaya, wadda ba ta tsorata talaka kamar tawagar mutum goma da fitilu. Akwai inda ta manta ba ta kashe ta ba, murfin gilashin yana ta lilo a kan ciyawa. Ta bar shi a fim ɗin ta sa masa kiɗa. A wannan aikin ne ta ci karo da dankalin turawa mai siffar zuciya, irin wanda ake zubarwa don bai dace da awon kasuwa ba. Ta kai gida ta bar shi ya yamutse ya yi tsiro.

Wannan dankalin ne ya kai ta zauren baje koli. A bikin fasaha na Venice na 2003 ta kafa Patatutopia: allo uku suna nuna dankali mai tsiro, ga kilo 700 na ainihin dankali a ƙasa, ita kanta ta sa kayan da suka mai da ita dankali. A 2006, a gidan baje koli na Fondation Cartier da ke Paris, ta gina bukka da zirin fim ɗinta Les Créatures, wanda bai yi kasuwa ba a 1966, haske yana ratsa bangon.

An ba ta Oscar na girmamawa a 2017, shekarar da ta fitar da Visages Villages tare da mai fasaha JR. Ta rasu a Paris ranar 29 ga Maris, 2019, tana da shekara 90.